Farashi Ɗaya ga Yaro da Tsoho: Yadda Lissafin Tsawon Rai Ya Sha Wuya Kafin Kasuwar Turai Ta Karɓe Shi

A shekarun 1770 masu bankuna a birnin Jeniba sun fito da wata dabara. Sukan bi gidajen masu hali su zaɓo 'yan mata ƙanana talatin, galibinsu ba su kai shekara goma ba. Ba kowace yarinya ake ɗauka ba. Sai likita ya duba ta, sai an tabbatar ta riga ta yi agana ta warke ko an yi mata lamba, sai kuma an bi salsalar gidansu an ga mutane ne masu tsawon rai. Idan talatin ɗin suka cika, sai a rubuta sunayensu a aika Faris.

Abin da ake saye da sunayen nan fansho ne daga baitulmalin Sarkin Faransa. Gwamnati tana neman kuɗin yaƙi, sai ta ce wa masu dukiya su kawo dunƙulen kuɗi yau, ita kuma ta riƙa biyansu kashi 10 cikin 100 na abin da suka kawo duk shekara, muddin mutumin da aka rubuta sunansa a takardar yana numfashi. Ranar da ya mutu biya ya tsaya, uwar kuɗin kuma ta zama ta gwamnati. Doka ba ta ce dole mai kuɗin ya sa sunan kansa ba. Kuma farashin ɗaya ne, ko sunan yarinya 'yar shekara bakwai aka sa, ko na tsoho ɗan sittin. Mai hankali ba zai sa sunan tsoho ba. Haɗa yara talatin da aka yi kuwa don a rage kasada ne: in ɗaya ta rasu, kashi ɗaya cikin talatin kawai aka rasa. Bankunan sai su yanka wannan kuɗin shiga gida-gida su sayar wa masu zuba jari, likitoci kuma suna biye da lafiyar yaran.

Mutumin da ya yi fice wajen sayar da irin wannan fansho, Jacques Necker, wanda ya riƙe kuɗin Faransa daga 1777 zuwa 1781, shi kansa ɗan Jeniba ne, kuma a banki ya yi arziki. Tun 1746 wani masanin lissafi, Antoine Deparcieux, ya wallafa littafi a Faris ɗauke da jadawalin yadda masu irin wannan fansho ke mutuwa shekara bayan shekara. Saboda haka ba za a ce rashin sani ne ba. Necker ya ɗauki alkawarin ɗaukar nauyin yaƙin da Faransa ta shiga don taimakon Amurkawa ba tare da ƙara haraji ba, kuma farashi ɗaya mai daɗi shi ne ke jawo kuɗi cikin gaggawa daga Jeniba da Amsterdam. Ilimin yana nan, masu saye sun ɗauke shi sun yi aiki da shi, mai sayarwa kuwa ya kau da kai, domin buƙatarsa ta bana ce, asarar kuma sai bayan shekara arba'in za ta gama bayyana, a hannun wani ministan. Su ma 'yan Jeniba ba su sha ba. Sun auna ran yaran da kyau, amma ba su auna ƙarfin mai biya ba. Juyin juya hali ya zo, kuɗin takarda ya zube, a 1797 kuma gwamnatin Faransa ta soke kashi biyu cikin uku na bashin da ke kanta.

Wannan ciniki ya girmi Necker da ɗaruruwan shekaru. Tun ƙarni na 13 biranen arewacin Faransa da na yankin da ya zama Beljiyam suke tara kuɗi ta wannan hanya. Coci ya haramta riba, amma malamansa sun ɗauki fanshon saye a matsayin ciniki, ba rance ba, tunda uwar kuɗi ba ta komowa. Farashin kuwa al'ada ce da ciniki ke yanke shi, har zuwa lokacin da Johan de Witt ya zauna ya yi lissafinsa.

De Witt shi ne ke jan ragamar gwamnatin Holan tun 1653, kuma masanin lissafi ne da ya yi karatu a Leiden. A 1671, yaƙi da Faransa yana ƙaratowa, ya miƙa wa majalisar Holan wata takarda. A lokacin ana sayar da fanshon gilda 1 a shekara kan gilda 14. De Witt ya ce a duba kowace gilda da za a biya nan gaba a rage mata daraja sau biyu. Na farko saboda jira, domin gildar da za a karɓa bayan shekara ashirin ba ta kai ta hannu yau ba; ya yi wannan ragin da kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100. Na biyu saboda mai yiwuwa ne wanda aka sa sunansa ya mutu kafin lokacin biyan ya zo. Ya kasa rayuwar mutum wata shida-shida, ya lissafa kowane kaso, ya tara. Amsar da ta fito ita ce, in sunan yaro mai lafiya aka sa, fanshon ya kai gilda 16. Wato gwamnati tana yin kyautar gilda 2 a kan kowace 14 da ta karɓa. Abokinsa Johannes Hudde, wanda daga baya ya zama magajin garin Amsterdam, ya tono rajistar mutum 1,495 da aka sayi fansho da sunansu tsakanin 1586 da 1590, ya bi shekarun mutuwarsu ɗaya bayan ɗaya don a gwada lissafin da abin da ya faru a zahiri.

Shekara guda bayan haka Faransa da Ingila suka auka wa Holan. Jama'a suka ɗora wa de Witt laifi, ranar 20 ga Agusta 1672 kuma taron mutane suka kashe shi da ɗan'uwansa Cornelis a birnin Heg. Kisan ba shi da alaƙa da lissafin fansho, amma ya binne shi. Amsterdam ta gwada sayar da fansho gwargwadon shekaru a wannan shekarar, abin bai zama al'ada a sauran wurare ba. Takardar de Witt ta ɓace wa masana, har masanin lissafi Jacob Bernoulli ya yi ta roƙon takwaransa Leibniz ya nemo masa ita bai samu ba. Sai a 1852 wani Bature ɗan Ingila, Frederick Hendriks, ya zaƙulo ta daga kundin zaman majalisar ya fassara.

A Landan matsalar ta alƙaluma ce. Akawunan coci-coci suna fitar da jerin mamatan kowane mako, kuma wasu tsofaffin mata ne ake aikawa su duba gawa su faɗi abin da ya kashe ta. Ana rubuta cuta, ba a rubuta shekarun mamaci. Da John Graunt, wani mai kantin kayan ɗinki, ya tattara waɗannan takardu ya wallafa nazarinsa a 1662, dole ta sa ya yi kirdado: ya ware cututtukan da aka san na yara ne, ya ƙiyasta cewa cikin kowane 100 da aka haifa, 36 ba sa kai shekara shida. Aiki ne na basira, amma ba wanda ɗan kasuwa zai sa dukiyarsa a kai ba. Sai a 1728 aka fara rubuta shekarun mamata a jerin na Landan.

Alƙaluman kirki daga nesa suka zo. A birnin Breslau, wanda yau ake kira Wroclaw a ƙasar Polan, wani limamin coci mai suna Caspar Neumann ya tattara haihuwa da mutuwa na shekara biyar, 1687 zuwa 1691, da shekarun kowane mamaci. Abin da ya dame shi shi ne camfin da mutane ke yi cewa wasu shekaru, irin su 63, suna da haɗari na musamman. Takardunsa suka isa hannun Edmond Halley, wanda aka sa wa tauraron nan mai wutsiya sunansa. Haihuwa 6,193, mutuwa 5,869, a gari mai nisa da teku wanda baƙi ba su cika shiga da fita ba. Daga nan Halley ya fitar da jadawalinsa a 1693. Jadawalin ba ya faɗa wa kowa ranar ajalinsa. Abin da yake nunawa shi ne, cikin mutum dubu masu shekaru kaza, kimanin nawa ne ba za su ga baɗi ba.

A daidai wannan lokaci gwamnatin Sarkin Ingila William na Uku tana neman fam miliyan ɗaya don yaƙi da Faransa. Tsarin farko da ta fito da shi fam 108,100 kawai ya tara, sai ta koma sayar da fansho a kan kashi 14 cikin 100, ba ruwanta da shekarun kowa. Duk wanda ya kawo fam 100 zai riƙa karɓar fam 14 a shekara. Bisa lissafin Halley, da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, fansho a kan ran ɗan shekara goma ya kai ninki 13.44 na abin da ake biya a shekara, na ɗan saba'in kuwa ninki 5.32. In an buga, takardar da aka sayar fam 100 ta kai kusan fam 188 idan sunan yaro ke jikinta, ba ta kai fam 75 ba idan na tsoho ne. Halley ya rubuta wannan ƙarara a mujallar ƙungiyar masana ta Landan, a garin da baitulmalin yake. Gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, kuma fiye da shekara ɗari ta ci gaba da sayar da fansho ba tare da jadawali ba.

Wani ɓangare na cikas ɗin wahalar aikin ce kanta. Komai da alƙalami ake yi. Halley da kansa bai fitar da farashin kowace shekara ba, ya tsallaka biyar-biyar saboda nauyin lissafin, kuma idan fanshon a kan rai biyu ko uku ne, aikin ya ninka ba iyaka. Abraham de Moivre, Bafaranshen da ya gudo Landan saboda tsanantawar addini, ya sauƙaƙa abin a littafinsa na 1725 ta hanyar ɗauka cewa mutane suna mutuwa daidai wa daida kowace shekara har zuwa 86. Ya san ba haka abin yake daidai ba, amma da wannan zato akawu zai iya fitar da farashi a zama ɗaya. De Moivre ya ƙare rayuwarsa a shagon shan gahawa na Slaughter, yana warware wa 'yan caca da dillalan fansho lissafi ana biyansa, ya mutu a 1754 ba shi da komai.

Kamfanonin inshorar rai fa? Na farko da ya ɗore, Amicable, an ba shi izini a 1706, kuma tsarinsa ya fi kama da adashi: kowa ya zuba adadi ɗaya a shekara, a ƙarshen shekara a raba wani kaso tsakanin magadan waɗanda suka mutu. Idan mutuwa ta yi yawa rabo ya ragu, idan ta yi kaɗan ya ƙaru. Kamfanin ba ya alkawarin wani adadi da zai iya karya shi, don haka ba ya buƙatar jadawali. Royal Exchange da London Assurance, waɗanda suka fara inshorar rai a 1721, shekara ɗaya-ɗaya suke sayarwa, a kan kusan fam 5 cikin 100, yaro da babba.

Ya kamata a yi wa waɗannan 'yan kasuwa adalci. Halley ya nuna cewa cikin masu shekara 20 kusan mutum ɗaya cikin ɗari ke mutuwa a shekara, cikin masu shekara 50 kuwa kusan ɗaya cikin arba'in. Wanda ke karɓar biyar cikin ɗari daga dukansu yana cin riba ta kowace fuska. Me zai kai shi ga lissafin da ƙarshensa shi ne ya rage farashi? Ga kuma abin da suka fi amincewa da shi, wato idonsu. Mai neman inshora yakan zo da kansa, a dubi fuskarsa, a tambayi ko ya yi agana, ko mashayi ne, ko zai yi tafiyar teku. A garin da annoba da zazzaɓi ke ɗaukar saurayi kamar yadda suke ɗaukar dattijo, wannan ya fi musu ma'ana fiye da alƙaluman wani gari na Jamusawa da ba su taɓa gani ba. Masaniyar tarihin kimiyya Lorraine Daston ta ƙara da wani dalili mai ƙarfi: da yawa daga cikin masu saye ba kariya suke nema ba, caca suke yi. Mutane kan sayi inshora a kan ran minista ko wani basarake da aka ji yana kwance, ba dangin iya ba na baba, don kawai su ci idan ya mutu. Ɗan caca ba ya son a rage masa rashin tabbas. Sai a 1774 majalisa ta yi dokar da ta hana mutum sayen inshora a kan ran wanda mutuwarsa ba za ta jawo masa asara ba.

Inda aka yi alkawari mai tsawo ba tare da lissafi ba, an ji jiki. Ƙungiyar 'yan kasuwar yadi ta Landan, Mercers, ta fara wani tsari a 1699: miji ya zuba fam 100, in ya mutu matarsa ta riƙa karɓar fam 30 duk shekara. Zawarawan suka yi ta yawa, suka kuma yi tsawon rai. Zuwa 1745 biya ya gagara, sai da majalisa ta kawo ɗauki.

Canjin ya fara ne daga wani malamin lissafi da aka mayar daga ƙofa. James Dodson, ɗalibin de Moivre, ya nemi shiga Amicable aka ce ya wuce 45, shekarun da suke tsayawa. Sai ya tsara wani kamfani dabam, ya kira taro a kansa a 1756. A tsarinsa za a karɓi kowa, amma zubin kowa zai danganta da shekarunsa ranar da ya shiga, kuma ba zai canza ba har ya mutu. A shekarun farko mutum yana biyan fiye da haɗarin da ke kansa; rarar sai a ajiye ta tana haihuwa, domin ta cike giɓin shekarun tsufa lokacin da haɗarin ya fi zubin. A kan wannan tubali inshorar rai take tsaye har yau.

Dodson ya rasu a 1757, shekarar da aka miƙa takardar neman izini. Tsofaffin kamfanonin nan uku suka yi adawa. A 1761 babban lauyan gwamnati da mataimakinsa suka ba da shawarar a ƙi, kuma cikin dalilansu akwai cewa duk tsarin ya rataya ne a kan jadawalin rai da mutuwa, abin da suka ɗauka hasashe ne da ba a taɓa jarrabawa a aikace ba, ga shi kuma babu jarin da zai tsaya wa mutane idan lissafin ya kuskure. Wannan ƙorafi ba na wauta ba ne, kuma shi ne ƙorafin da kowane sabon tsarin lissafi ke cin karo da shi: ba za a yarda da shi ba sai an gwada, ba kuma za a gwada ba sai an yarda. Abokan Dodson, ƙarƙashin Edward Rowe Mores, suka kewaye gwamnati, suka kafa kamfanin Equitable a 1762 a matsayin ƙungiyar da masu zubi su ne masu ita. Ko a nan ba a bar wa jadawali komai ba. Mai nema sai ya bayyana gaban daraktoci, kuma ana ƙara wa wanda bai yi agana ba kuɗi.

A Sikotlan an riga an nuna cewa abin yana yiwuwa. Limaman coci biyu, Robert Wallace da Alexander Webster, da taimakon masanin lissafi Colin Maclaurin, sun kafa asusun zawarawan limamai a 1744. Sun tattara alƙaluman limaman ƙasar da kansu, suka haɗa da jadawalin Halley, kuma hasashen da suka yi na abin da asusun zai mallaka a 1765 ya zo daidai da abin da aka samu, bambancin fam ɗaya. Amma su mutanensu sanannu ne, masu sana'a ɗaya, kuma babu abokin gasa da zai karya musu farashi.

Equitable ya samu nasa masanan a gida ɗaya. Richard Price, wani limamin coci, ya wallafa littafi a 1771 da ya nuna cewa yawancin ƙungiyoyin fanshon zawarawa da ke tashe a Landan alkawarin da ba za su iya cikawa ba suke yi. Ɗan 'yar'uwarsa, William Morgan, wanda likitanci ya fara koyo, ya zama mai lissafin Equitable a 1775, ya riƙe kujerar har 1830. Shi ya fara bin takardun kamfanin ɗaya-ɗaya yana auna bashin da ke kan kowace. Babban yaƙinsa kuwa da masu kamfanin ne. Tsarin Dodson yana tara dukiya mai yawa da ido ke gani kamar riba, alhali yawancinta haƙƙin waɗanda ba su mutu ba tukuna ne. A tarurruka 'yan ƙungiya sukan taso a raba, Morgan ya tsaya kai da fata, har aka kafa ƙa'ida a 1800 cewa sai bayan shekara goma-goma za a auna rara, kuma ba za a raba fiye da kashi biyu cikin uku nata ba. Da kamfanin ya bunƙasa, sauran suka bi: Royal Exchange ya koma farashi gwargwadon shekaru a 1783, Amicable a 1807. Abin da hujjar Halley ta kasa yi cikin shekara casa'in, ganin abokin gasa yana kwashe masu saye ya yi shi.

Jadawalin da Equitable ya koma amfani da shi, Price ne ya haɗa shi daga rajistar wani coci a garin Northampton, ta shekarun 1735 zuwa 1780. Yana da aibi. An ƙirga haihuwa ne daga rajistar baftisma, garin kuwa cike yake da mabiya ɗariƙar da ba ta yi wa jarirai baftisma, don haka jadawalin ya nuna mutane suna mutuwa da wuri fiye da gaskiya. Ga mai sayar da inshorar rai wannan kuskure alheri ne: yana karɓar zubi mai yawa, mutane kuma suna daɗewa suna biya. Rarar Equitable ta yi ta hauhawa, jadawalin ya yi suna.

Da wannan suna ya shiga baitulmali. A 1808, zamanin ministan kuɗi Spencer Perceval, gwamnatin Birtaniya ta yarda a ƙarshe ta sayar da fansho gwargwadon shekaru, ta kuma ɗauki jadawalin Northampton. Mai sayar da fansho kuwa kishiyar mai inshora ne. Shi yana biya ne muddin mutum na raye, saboda haka jadawalin da ke gaggauta mutuwa yana sa shi ya sayar da araha. Ga kuma cewa masu sayen fansho ba talakawan Northampton ba ne; masu hali ne da suka san lafiyarsu, mara lafiya ba ya saye. John Finlaison, wani ma'aikacin hukumar sojan ruwa ɗan Sikotlan, ya gano ɓarnar ya sanar da gwamnati a 1819. Ya bi rajistar dubban mutanen da gwamnatin kanta ta taɓa biya fansho, ya nuna sun fi jadawalin daɗewa, mata kuma sun fi maza. Ya ƙiyasta asarar ta kai fam 8,000 a kowane mako. Duk da haka sai a 1828 aka dakatar da tsarin, a 1829 aka fito da sabon farashi bisa jadawalinsa, wanda ya raba na maza da na mata. Shekara tara ana zubar da kuɗin jama'a bayan an faɗa, kuma babu wani dalili mai kyau da za a kare wannan jinkiri da shi, illa nauyin amsa cewa jadawalin da kowa ke yabo bai dace da wannan aikin ba. Da masu lissafin inshora suka kafa cibiyarsu a Landan a 1848, Finlaison suka zaɓa shugaba na farko.

Equitable ya ci gaba da ciniki har ƙarshen ƙarni na 20. Daga 1957 zuwa 1988 ya sayar da takardun ajiyar fansho ɗauke da wani alkawari: ranar da mutum ya yi ritaya, za a mayar masa da ajiyarsa fansho a kan wani adadi da aka yanke tun farko, ko da farashin kasuwa ya faɗi ƙasa da haka. A shekarun da kuɗin ruwa ke sama babu wanda ya damu da alkawarin, domin kasuwa ta fi shi tsoka. Hanyar auna darajar irin wannan alkawari kuwa tana nan tun 1973, lokacin da Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton suka wallafa aikinsu, kuma bankuna sun daɗe suna amfani da ita. Kamfanin bai ware isasshen kuɗi don alkawarin ba. Manufarsa a wannan zamani ita ce raba kusan duk rara ga masu zubi, abin da Morgan ya shafe rayuwarsa yana hanawa, kuma yawan rabon shi ne ke jawo masa sababbin masu saye.

A shekarun 1990 kuɗin ruwa ya sauka, tsofaffi kuma suka ƙara tsawon rai. Alkawarin ya zama mai tsada. Shugabannin suka dogara da ikon da suke ganin suna da shi na rage garaɓasar ƙarshe ga duk wanda ya nemi a cika masa alkawarin. A watan Yuli na 2000 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke cewa ba su da wannan iko, hukuncin da ya ɗora wa kamfanin nauyin kusan fam biliyan 1.5. Aka sa shi a kasuwa, ba a samu mai saye ba, ranar 8 ga Disamba 2000 ya daina karɓar sababbin masu zubi. An zaftare ajiyar dubban ɗaruruwan mutane, da yawansu tsofaffi da ba su da sauran ƙarfin neman wata. A 2010 gwamnati ta ware fam biliyan 1.5 na diyya saboda sakacin hukumomin da ke sa ido, a farkon 2020 kuma aka miƙa ragowar takardun ga wani kamfani mai suna Utmost Life.